SHARHI: Buhun taimako da igiyar da ke ɗaure da bakinsa

Duk wanda ya ɗan kwana biyu a kasuwannin Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai ya san buhun nan mai hoton hannuwa biyu suna musabaha, ya kuma san gwangwanin man girki mai tambarin Amurka. Da yawa cikin iyayenmu mata sun dafa abin da ke ciki a shekarun fari, bayan ya ƙare suka mai da buhun shimfiɗar kayan miya, gwangwanin kuma ya koma na ɗibar ruwa. Ba mu manta alherin ba, kuma ba mu ce a manta ba. Sai dai a watan Janairun 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da mafi yawan taimakon da take bai wa ƙasashen waje, a farkon watan Yulin shekarar kuma aka rufe hukumar USAID mai wannan tambari. Wanda ya saba da abu shekara sittin ya wayi gari babu, ya kamata ya zauna ya tambayi kansa: tun asali me ya kawo buhun nan, kuma me ya tafi da shi?

Amsar tana cikin tarihin Yaƙin Cacar Baka, wato zaman doya da manja da aka yi tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyet daga bayan Yaƙin Duniya na Biyu har zuwa 1991. Idan ana ba da labarin wannan zamani, galibi maganar makaman ƙare dangi da ƴan leƙen asiri ake yi. Mu a yau ta fuskar cimaka za mu dube shi, domin nan ne ya shafi ɗan kasuwa da mai awo, kuma nan ne darasinsa bai tsufa ba.

A watan Maris na 1947 shugaban Amurka Harry Truman ya nemi majalisar ƙasarsa ta ba shi dala miliyon 400 domin tallafa wa Girka da Turkiyya, don kada su faɗa hannun ƴan kwaminis. Daga 1948 aka soma shirin Marshall, wanda ya zuba kusan dala miliyar 13 a ƙasashen yammacin Turai cikin shekaru huɗu, kuma kaso mai yawa na kuɗin ya tafi wajen sayen abinci, taki da man fetur. Lissafin magabatan Amurka a fili yake: mai jin yunwa yana sauraren duk wanda ya yi masa alkawarin tuwo, saboda haka gara tuwon ya fito daga hannunsu.

Da Turai ta farfaɗo sai wata matsala ta taso a cikin gida. Manoman Amurka suna noma fiye da abin da kasuwa za ta iya ɗauka, gwamnati tana saye don kada farashi ya faɗi, rumbuna sun cika, kuɗin ajiya yana ta hauhawa. Ranar 10 ga Yulin 1954 shugaba Eisenhower ya sa hannu a kan dokar da aka sani da PL 480, wadda daga baya aka raɗa wa suna Abinci Don Zaman Lafiya. Dokar ta ba da damar kyautar da wani kaso, amma mafi yawa sayarwa ake yi bisa sharuɗɗa masu sauƙi. Ƙasar da ba ta da dala sai ta biya da kuɗinta na gida, kuɗin su zauna cikin ƙasar a asusun gwamnatin Amurka, ita ke cewa ga inda za a kashe su. A shekarar ce kuma aka yi dokar da ta ce aƙalla rabin kayan jiragen ruwan Amurka ne za su ɗauko shi.

Ƴan kasuwa ba sa bukatar a yi musu dogon bayani a nan. Mai kaya ya rage abin da ya yi masa yawa a sito, masu jiragensa sun samu lodi, ya koya wa sababbin mutane cin alkama har suka zama abokan cinikinsa, sannan ga godiya. A Indiya kuɗin rupi da suka taru a asusun Amurka sun yi yawan da a 1974 jakadanta a can, Daniel Moynihan, ya rubuta wa gwamnatin Indiya cek na rupi miliyar 16 da ɗoriya domin a sauke wannan nauyi. Ka ga ke nan yadda mai ba da hatsi ya zama mai riƙe da jakar kuɗi a cikin gidan wanda ya karɓa.

Mu soma da Masar. A watan Yulin 1956 sakataren harkokin wajen Amurka John Foster Dulles ya janye alkawarin kuɗin gina dam ɗin Aswan, bayan shugaba Gamal Abdel Nasser ya sayi makamai daga ɓangaren Sobiyet. Mako guda bayan haka Nasser ya ƙwace mashigin Suez, daga baya Sobiyet ta ba da kuɗin dam ɗin. Da John Kennedy ya hau mulki sai ya gwada jan Nasser da alkama, a 1962 aka ƙulla yarjejeniyar shekara uku ta sama da dala miliyon 400. Mutanen Alƙahira suka saba da burodi mai arha. Amma Nasser bai janye sojojinsa daga Yaman ba, bai kuma bar goyon bayan ƴan tawayen Kongo ba. A ƙarshen 1964 masu zanga-zanga suka ƙone ɗakin karatun Amurka a Alƙahira, Nasser ya fito bainar jama'a ya ce wanda bai ji daɗin halinsu ba ya je ya sha ruwan teku. Shugaba Lyndon Johnson ya riƙe alkamar, zuwa 1966 aka yanke ta gaba ɗaya. Ba ta dawo ba sai 1974, bayan Anwar Sadat ya juya wa Mosko baya. Masarawan da suka ci alkamar a 1962 su ne dai suka rasa ta a 1966, cikinsu bai canja ba, abin da ya canja shi ne inda shugabansu ya fuskanta.

Indiya ta ɗanɗana irin wannan. Damina ta ƙi a 1965 da 1966, ƙasar ta dogara ga jiragen alkamar Amurka, miliyoyin ton a shekara. Johnson ya ƙi sa hannu a kan yarjejeniya mai dogon wa'adi, ya riƙa sakin kayan kaɗan kaɗan, wata bayan wata, kamar mai kiwon akuya da gajeriyar igiya. Yana so Indiya ta gyara tsarin nomanta, yana kuma jin haushin sukar da Indira Gandhi ke yi wa ruwan bama-baman da Amurka ke yi a Biyetnam. A watan Yunin 1966, bisa matsin masu ba da bashi, Indiya ta karya darajar kuɗinta, dala ɗaya ta tashi daga rupi 4.76 zuwa 7.50. Mu da muka ga abin da karyewar sefa ta 1994 ta yi wa jarin mutane mun san zafin wannan.

Abin da ya faru a Bangaladash a 1974 ya fi ban tausayi. Ambaliya ta cinye gonakin shinkafa, farashi ya tashi, masu kuɗi suka ɓoye kaya. A daidai wannan lokaci Amurka ta jinkirta taimakon abincin da ake jira, saboda Bangaladash ta sayar wa Kuba buhunan algarara, alhali dokar Amurka ta hana ba da irin wannan taimako ga ƙasar da ke ciniki da Kuba. Sai da cinikin buhunan ya tsaya aka saki abincin, lokacin yunwa ta riga ta yi ɓarnarta. Talakan ƙauye da bai san inda Kuba take ba ya biya kuɗin rigimar Washinton da Habana da ransa.

A 1972 ne aka ga abin da ya fi komai bayyana yadda lamarin yake. Noma ya lalace a Tarayyar Sobiyet. Wakilanta suka shiga Amurka a asirce, suka bi manyan kamfanonin hatsi ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya san abin da ɗan'uwansa ya sayar, har suka kwashe kusan kashi ɗaya cikin huɗu na alkamar da Amurka ta girbe a shekarar, a farashi mai rahusa, da bashin da gwamnatin Nixon ta ba su. Babbar abokiyar gaba ke nan, amma da ta zo da ciniki an sayar mata. Rumbunan Amurka suka yi ƙasa, farashin alkama a duniya ya ninka cikin shekara guda, ya ci gaba da hawa har 1974. Da rarar ta ƙare sai taimakon abinci ya ragu ƙwarai, kuma cikin ɗan abin da ya rage kaso mafi tsoka na wanda ake bayarwa bashi ya tafi Biyetnam ta Kudu da Kambodiya, inda Amurka ke da yaƙi. Sakataren noma na lokacin, Earl Butz, bai ɓoye ba, ya faɗa a 1974 cewa abinci makami ne a teburin shawara.

Jama'a su lura da shekarun nan. Su ne shekarun babban farin Sahel, wanda ya soma a 1968 ya kai maƙura a 1973 da 1974, ya kashe dabbobi, ya kori mutane daga arewa zuwa bakin garuruwa, ya karya noman gyaɗar da Maraɗi da Damagaram ke tinƙaho da shi. Nijar ba ta cikin manyan fagagen Yaƙin Cacar Baka. Amurka ta bar wa Faransa ragamar wannan yanki, nata hannun bai wuce ƴan sa kai na Peace Corps da suka soma zuwa a 1962, da gadar Kennedy da aka buɗe a Yamai a 1970, da wasu ayyukan raya karkara ba. Duk da haka, a lokacin farin ita ce kan gaba wajen aiko da hatsi, kuma rayuka da yawa sun tsira da shi. Amma ya iso a makare, a lokacin da hatsi ya yi tsada a duniya saboda cinikin da aka ƙulla tsakanin Mosko da kamfanonin Amurka, cinikin da babu ɗan Sahel ko ɗaya a wurin ƙulla shi. Wanda ya iso ɗin ma bai kai ga mabukata duka ba. Zargin karkatar da hatsin taimako yana cikin dalilan da sojoji suka bayar lokacin da Seini Kunce ya kifar da gwamnatin Jori Hamani ranar 15 ga Afrilun 1974. Wannan laifin namu ne na cikin gida, kada mu ɗora wa baƙo.

Adalci ya sa mu faɗi wani ɓangaren. A Amurka kanta an samu masu adawa da wannan hali. Bayan abin da ya faru a Biyetnam, majalisar ƙasar ta yi doka a 1975 cewa kashi 75 cikin ɗari na abincin da ake bayarwa bashi ya tafi ƙasashe mafi talauci. A yunwar Habasha ta 1984 da 1985, gwamnatin Mengistu ƙawar Mosko ce, amma bayan jan ƙafa na farko mafi yawan hatsin da ya ceci mutane daga Amurka da Turai ya fito, ita kuwa Sobiyet abin da ta fi aikawa shi ne makamai. Wanda ke zaton ɗaya ɓangaren ya fi tausayi ya dubi Kuba. Da Eisenhower ya yanke sayen sukarinta a 1960, Sobiyet ta karɓi cinikin, ta riƙa saye da tsada tana ba da man fetur da arha har shekara talatin. Da Tarayyar Sobiyet ta rushe a 1991, Kuba ta wayi gari ba mai, ba taki, ba isasshen abinci, mutanenta suka sha wuyar da har yau suke ba da labarinta. Ta fita daga hannun mai saye ɗaya ta shiga hannun wani mai saye ɗaya.

Akwai kuma lokacin da makamin ya ƙi ci. Bayan sojojin Sobiyet sun shiga Afganistan a ƙarshen 1979, shugaba Jimmy Carter ya hana sayar musu da ton miliyon 17 na hatsi a watan Janairun 1980. Ajantina ta ƙi bin sahu, ta sayar musu da riba mai kyau, wasu ma suka bi ta bayan gida. Manoman Amurka suka yi ta kuka, Ronald Reagan ya ɗage takunkumin a watan Afrilun 1981. Mai kuɗi a hannu da ƙofofi da yawa na saye, ba a iya horar da shi da yunwa. Wanda ake horarwa shi ne wanda rumbunsa ba komai kuma ƙofarsa ɗaya ce.

Indiya ta fahimci wannan, kuma ita ce misalin da muke so magabatanmu su duba. Wulaƙancin 1966 bai sa ta tsaya zagin Johnson kawai ba. A shekarar ta sayo ton 18,000 na irin alkama mai yawan yabanya daga Mekziko, ta faɗaɗa noman ban ruwa, ta samar da taki. Tun 1965 ta kafa hukumar sayen abinci ta ƙasa, wadda ke sayen amfanin gona a farashin da gwamnati ke sanarwa tun kafin girbi, ta ajiye. Girbin alkama na 1968 ya zarce duk na baya da nisa. Tsarin yana da nasa illoli, ruwan ƙarƙashin ƙasa ya ja baya a wasu jihohi, ƙananan manoma da yawa sun shiga bashi. Amma ƙasar da ke jiran jirgin taimako a 1966 ita ce ta zama kan gaba a duniya wajen sayar da shinkafa, har buhunanta suka cika shagunanmu. Da ta hana fitar da farar shinkafa a watan Yulin 2023 don kare kasuwarta ta gida, mu ne muka ji a jikinmu.

Yaƙin Cacar Baka ya ƙare a 1991, amma halin manyan ƙasashe bai ƙare da shi ba. Yaƙin Rasha da Yukren na 2022 ya tada farashin fulawa da taki har cikin kasuwanninmu. A watan Yulin 2023 Rasha ta fice daga yarjejeniyar fitar da hatsi ta tekun Bahar Aswad, a watan kuma ta yi wa ƙasashen Afirka shida alkawarin hatsi kyauta, cikinsu har da Mali da Burkina Faso. Salon da Amurka ta yi amfani da shi a 1954 ke nan, da wani tambari a jikin buhun. Mu kanmu mun ga yadda rufe iyakoki da takunkumin CEDEAO, daga ƙarshen Yulin 2023 zuwa Fabrairun 2024, ya tsayar da manyan motoci a bakin iyaka, ya tada kuɗin shinkafa da magani. A 2024 sojojin Amurka suka bar Yamai da Agadas, masu horarwa na Rasha suka iso. Kowace ƙasa tana da ikon zaɓen abokanta, kuma ba mu ja da wannan. Abin da muke cewa shi ne zanen aro ba ya rufe katara, ko daga gabas aka aro shi ko daga yamma.

Saboda haka ga abin da muke kira a yi.

Na farko, ajiyar ƙasa. Muna da hukumar OPVN tun 1970. A ba ta kuɗi a kan lokaci ta sayi hatsi, dawa da wake da kaka, a farashin da aka sanar a rediyo kowa ya ji, a biya manomi hannu da hannu. A riƙa faɗa wa jama'a ton nawa ke cikin kowane magaza na kowace jiha, a bar wakilan ƴan kasuwa da na ƙungiyoyin mata su shiga su gani da idonsu. Ajiyar da ke kan takarda kawai ba ta cika tiya.

Na biyu, duk wata yarjejeniyar taimakon cimaka, daga wace ƙasa ce, a bayyana sharuɗɗanta. Idan kyauta ce a ce kyauta ce, idan bashi ne a faɗi ranar biya da abin da aka jinginar. Kuma a roƙi masu taimako, a shekarar da damina ta yi kyau, su kawo kuɗi su sayi hatsin a nan. Hatsin waje da aka zubo kasuwa ana tsakiyar kaka yana karya manomi da ƙaramin ɗan kasuwa, baɗi kuma a rasa mai noma da yawa.

Na uku, rumbunan tsimi na ƙauyuka da tsarin nan da manomi ke ajiye amfaninsa a magaza ya karɓi bashi a kai, ya fanshe idan farashi ya tashi. Inda aka riƙe su da amana sun hana mutane sayar da hatsi da arha a watan Oktoba su dawo suna sayensa da tsada a watan Yuli. A faɗaɗa su, a bar mata su riƙe makullin, domin su suka fi sanin ranar da tukunya ke ƙin hawa wuta.

Na huɗu, ruwa. An aza harsashin dam ɗin Kandaji tun 2008, shekaru suka yi ta wucewa ana jira. Kafin babban aiki ya kammala, rijiyoyin fadama da injinan ban ruwa masu aiki da hasken rana suna iya kaiwa ga manomin Madawa, Ƙonni da Matamai. Albasar Galmi ta nuna abin da manominmu ke iyawa idan ya samu ruwa da kasuwa, tana kaiwa har Gana da Kodebuwa. Masu fataucinta sun san amfanin samun masu saye a wurare da yawa, ranar da hanya ɗaya ta rufe sai a bi wata.

Na biyar ya shafe ku, ƴan kasuwa da iyayenmu mata masu awo. A 2005 akwai hatsi a kasuwannin Maraɗi, amma farashinsa ya ninka har ya fi ƙarfin talaka, yara suka cika cibiyoyin tamowa a jihar da ake kira rumbun ƙasa. Riba halal ce, ajiyar kaya don a sayar nan gaba ma sana'a ce da kasuwa ke bukata. Amma kulle sito a lokacin da maƙwabci ke kwana da yunwa, ana jiran tiya ta ƙara tsada, shi ne ainihin abin da muka zargi manyan ƙasashe da yi a sama. Sarakunan kasuwa da shugabannin ƙungiyoyinku su ja kunnen masu yin haka tun kafin hukuma ta shigo da nata ƙarfin, wanda sau da yawa yakan haɗa da mai laifi da marar laifi.

Damina mai zuwa ba wanda ya san yadda za ta kasance sai Allah. Abin da ke hannunmu shi ne kakar da ke gabanmu: ton nawa za a saya, a wane farashi, a ajiye a ina, wa zai riƙe makulli. Waɗannan tambayoyi huɗu muke so wakilan ƴan kasuwa su kai gaban gwamnonin jihohinsu, kuma wannan jarida za ta buga amsar duk wanda ya ba da ita. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kuma ba magabatanmu ikon riƙe amana.